Rijiyar da Na Gina a Bayan Kamfanin Fata

Gidanmu gidan jima ne tun kaka da kakanni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, majemi ne a cikin birnin Kano, kuma da warin fata na buɗe ido. Ina ƙarami aikina shi ne dakan bagaruwa. A zuba busassun 'ya'yanta a turmi, a daka, a jiƙa a kwatarniya, a tsoma fatar akuya a bar ta tana sha, ana juya ta lokaci-lokaci. Kafin ta kai nan an riga an jiƙa ta a ruwan toka gashi ya saki, an karce ta da kartaji a kan gungume, an laushe ta da kashin kaji. Ba zan ce sana'ar ba ta da ƙazanta ba. Tana da wari, kuma maƙwabta sukan yi ƙorafi. Amma duk abin da muke zubarwa ƙasa ta san shi: toka ce, da gashi, da tuƙar bagaruwa. Damina ɗaya ta isa ta shafe sawunsa.

Farkon shekarun 1990 na ajiye kartaji na koma kamfani. Lokacin Kano tana ji da masana'antu, Bompai da Sharaɗa da Challawa ko'ina inji na ruri, kuma saurayin da ke karɓar albashi ƙarshen wata ya fi ƙima a idon surukai a kan wanda ke zaman jiran dillalin Ƙofar Wambai ya kawo masa ciniki. Da na je yi wa Baba sallama, bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi, "Fatar da ake jemewa a yini guda, akwai abin da aka ba ta. Ka kula da hannunka."

Bari in faɗi yadda aikin yake, don mutane da yawa da ke kwana a jikin katangar waɗannan kamfanoni ba su taɓa leƙa ciki ba. Fata tana zuwa ne jibge a mota, an cika ta da gishiri don kada ta ruɓe a hanya. Abu na farko a wanke wannan gishirin, kuma duk ruwan wankin kwata yake bi. Sai a jefa ta cikin manyan gangunan katako masu juyawa, a zuba farar ƙasa da wani sinadari da muke kira salfaid, wanda ke narkar da gashi har ya koma kamar kunu. Daga nan inji ya kankare naman da ya saura, a sake wankewa, a ƙara gishiri da asid. Sannan a zo kan uban tafiyar, wato kurom, wani koren gari da ake kawowa a buhu daga waje. In ganga ta gama juyi aka buɗe, fatar za ta fito shuɗiya-shuɗiya, ba ta ruɓewa, ko tafasasshen ruwa ba ya yi mata komai. Ita ake matsewa a loda a kwantena a kai Italiya da Sifen da sauransu. Fatar ba ta shanye kurom ɗin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa yake saura, kuma ruwan ba kaɗan ba ne, don tan ɗaya na ɗanyen fata yakan ci lita 30,000 ko fiye kafin a gama da shi.

A bayan kamfaninmu akwai ramuka na siminti da aka ce nan ruwan zai kwanta a tace shi. Na shekara da shekaru ina wucewa ta wurin, injin da ke kansu a mace yake, simintin ya tsage, ciyawa ma ba ta fitowa a gefe. In ramukan suka cika, helima yakan jira dare ya raba ya ce a buɗe. Ruwan ya bi lambatu, lambatun kuma na ƙasa ne, ba siminti, ya gangara rafi. Duk mai aiki a wurin ya san wannan. Mun kuma san in ruwan asid ya haɗu da ruwan salfaid akwai iskar da ke tashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda take kayar da mutum nan take. A gabana aka zaro wani yaro ɗan Kumbotso daga cikin rami da igiya, an sa shi ya shiga kwashe laka ba abin rufe hanci. Allah ya yi da sauran kwanansa. Hannuwanmu kuwa ba a magana: tsagewa, ƙaiƙayi, gyambon da ba ya warkewa a gindin farce. Safar hannu in ta yage sai ka jira wata.

Abin da ke fita ta lambatu ba ya tsayawa a unguwa ɗaya. Na Sharaɗa rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Challawa, inda na rukunin Challawa ma yake sauka. Na Bompai ya bi Getsi ya shiga Jakara, ya tafi har dam ɗin Wasai a Minjibir. A bakin waɗannan rafuka kuma 'yan lambu ne jere da injin ban-ruwa, suna noman latas da alayyahu da kabeji da karas, gari na wayewa a kai kasuwa. Wannan kowa yana gani da idonsa. Wanda ba mu gani shi ne wanda ƙasa ke tsotsewa a hanya.

Da na ɗan tara kuɗi na sayi fuloti a bayan kamfanonin, saboda a nan ne talaka zai iya saye, kuma da ƙafa zan je aiki. Ruwan famfo bai kai wurin ba. Kafin in ɗora bulo ɗaya sai da na kira masu haƙa suka gina mini rijiya, kuma ba a yi nisa ba aka tarar da ruwa, garai-garai, mai sanyi. Har sadaka na yi. Da shi aka kwaɓa simintin gidan, da shi aka yi wa 'ya'yana wankan jego, maƙwabta suna aiko yara da bokiti. Na dasa gwaiba da lemun tsami a tsakar gida.

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce sabulu ya daina kumfa, sai ta kashe rabin sanda a wankin da a da kwata ke isa. Bayan nan ta ce wake ba ya nuna da wuri ko an sa kanwa. Sai ɗanɗanon ya sauya, wani gishiri-gishiri da ke maƙalewa a maƙogwaro, shayi ma ya daina daɗi. Randa ta fara yin farin bushi a baki. Da damina in aka ɗaga murfin rijiyar da asuba, warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da na baro a wurin aiki shi ke tarbata a gidana. Akuyarmu ta sansana ruwan ta juya kai. Ganyen gwaiba ya ƙone daga gefe-gefe, ya zube, itacen ya bushe a tsaye. Wata rana tana shafa man kaɗanya a hannunta da ya yi ja saboda susa ta ce da ni, "Malam, ruwa fa ba ya tsami banza." Autanmu kuma ƙuraje suka feso masa a wuya da cinyoyi, a sha magani su lafa, su dawo. A wani asibiti likita ya dube shi ya tambaye mu, da wane ruwa kuke masa wanka?

Muka yi abin da kowa ke yi. Muka jefa alam, muka tace da ƙyalle, muka riƙa tafasa na sha. Muka sa aka yashe rijiyar har ƙasa. Ruwan ya dawo garau a ido, hankalinmu ya ɗan kwanta.

Babbar 'yata sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Mamana. Ita ce Allah ya ba karatu a gidan, ta samu shiga Jami'ar Bayero tana karanta kimiyyar haɗa sinadarai. A 2010, lokacin da labarin gubar dalma ya fito daga Zamfara, muna tsakar gida muna jin rediyo ana cewa yara sama da 400 sun rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne iyayen yaran ba su ga komai ba, ba su ji warin komai ba, suna ta maganin zazzaɓi da shawara. Tun daga ranar ta sa wa rijiyarmu ido. Da ta kai shekarar ƙarshe, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ta ce ita ruwan unguwarsu za ta auna.

Ni na riƙa raka ta gida-gida, don ni ake jin nauyi. Na ga yadda ake abin. Robobi ne sababbi, ta ɗauraye kowace da ruwan rijiyar da za ta ɗiba, ta cika, ta ɗiga wani asid kaɗan don kada ƙarfen da ke ciki ya manne a jikin roba, ta rubuta lamba, ta sa a kula mai ƙanƙara. Tana da wata 'yar na'ura da take tsomawa a guga, nan take ta nuna yawan gishirin da ya narke a ruwan, wata kuma ta nuna tsaminsa. Sauran sai a ɗakin gwaje-gwaje, inda ta ce akwai injin da ke fesa ruwan a harshen wuta ya gane irin ƙarfen da ke ciki da yawansa. Ta ɗiba da rani, ta sake ɗiba da damina. Ta fara daga rijiyoyin da ke bakin lambatu, tana ja da baya har ƙarshen unguwa.

Ranar da ta kawo sakamakon, bayan sallar isha'i ta shimfiɗa takardunta a kan tabarma ta ce, "Baba, zan yi maka bayani da Hausa, in na yi sauri ka tsayar da ni." Bayanin nan shi nake so in isar, don shi ne abin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba duk tsawon zamana a kamfani.

Ta ce ƙarƙashin Kano dutse ne. A samansa akwai ruɓaɓɓen dutse da yashi da tsakuwa, kuma a cikin wannan ne ruwan rijiya yake zaune, sai ɗan wanda ke bin tsagar dutsen can ƙasa. Ba wai kowane gida da idon ruwansa ba ne. Ƙwarya ɗaya ce, kowa da ludayinsa. Ruwan kuma tafiya yake a hankali daga tudu zuwa gangare, shi ya sa rijiyoyin da ke gangaren lambatu suka fi lalacewa a kan na tudu, ko da nisansu ɗaya. Gidanmu a gangare yake.

Ta ce gishiri shi ke fara isowa, saboda ƙasa ba ta riƙe shi, duk inda ruwa ya bi yana biye. Wanda ya ji rijiyarsa ta fara gishiri a kusa da kamfanin fata, to ya san hanya ta buɗe tsakanin lambatu da gidansa, sauran suna tafe. Farar ƙasar da muke zubawa ita ta sa ruwan ya yi nauyi har sabulu ya ƙi kumfa, wake ya ƙi nuna. Kurom kuwa iri biyu ne. Wanda ake jima da shi, mai lamba 3, yakan lafe a jikin ƙasa ya zauna, sai in ruwa mai asid ya zo ya tayar da shi. Amma yana iya rikiɗa ya koma mai lamba 6, wanda shi ne mugun: yana narkewa sarai, yana tafiya da ruwa, yana cin fata, yana taɓa ƙoda da hanta, kuma an tabbatar shaƙarsa na kawo ciwon daji. Na ce me ke rikiɗa shi? Ta ce wani ma'adani da ke cikin ƙasar kanta, manganis, yana yin haka a hankali. Wuta kuma tana yi da sauri. Nan gabana ya faɗi, don tarkacen shuɗiyar fata da ake zubarwa a bayan katanga, da idona na sha ganin yara suna ƙona shi suna jin ɗumi da hunturu, tokar kuma ruwan sama ya wanke ta cikin ƙasa. Na kuma ga manoma suna kwasar baƙar lakar ramukan nan suna kai wa gona a matsayin taki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kurom ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha, dalma kada ta wuce 0.01, wani ƙarfen mai guba da ake kira kadmiyam kuma 0.003. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da aka fitar a 2007 ita ma haka ta ce. Waɗannan adadi ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu. Rijiyarmu ta haura a kurom, ta haura a gishiri nesa ba kusa ba. Na ce to ai muna tafasawa. Ta girgiza kai ta ce, "Baba, tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Ƙarfe ba ya mutuwa. Ruwan ne ke tashi ya bar shi a tukunya, sai ma ya ƙara kauri." Alam kuma laka yake kwantarwa, abin da ya narke ba ruwansa da shi. Shekarun da muka yi muna ƙona itace don mu kare yara, ashe ba ta nan ɓarnar take ba.

Ba ta ɗora wa kamfani komai da komai ba, kuma ni ma ba zan yi ba. Ta samu wani sinadarin da ke fitowa daga shadda a rijiyoyi da dama, mai haɗari ga jarirai in an dama musu madara da ruwan. An ce a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. Fulotinmu hamsin-hamsin ne, duka faɗinsa mita 15. In ka nisanta daga taka, ka matsa kusa da ta maƙwabcinka.

Na kai maganar wurin mai unguwa, ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na zaci za a yi mana godiya. Wasu sun yi, musamman mata da suka aiko a tambaya musu game da yara. Amma masu gidajen haya suka ce za mu karya musu darajar gida. Wani mai burtsatse da ke sayar wa 'yan garuwa ruwa ya ce nasa mai zurfi ne, kada a haɗa shi da rijiya. Mamana ta ce masa cikin ladabi, "Kawu, zurfi yana taimakawa, amma in ba a zuba siminti an toshe gefen bututun daga sama ba, ruwan saman zai bi jikinsa ya gangara. Kuma yawan ja da inji yana jawo ruwan lambatu zuwa wajenka." Bai bari an ɗibi nasa ba. Abokan aikina kuma suka ja ni gefe suka ce, in aka rufe kamfanin kai za ka ciyar da mu? Wannan tambayar ban raina ta ba, har yau ma. Mutum dubbai ne ke ci daga fata a Kano, kuma ni da kuɗinta na biya karatun yarinyar da ta auna ruwan. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce sai dai mu zaɓa tsakanin abinci da ruwa. Gyaran sananne ne. A raba ruwan kurom da sauran, a zuba masa abin da zai kwantar da kurom ɗin, a kwashe a sake jima da shi, mai kamfani ma ya rage sayen buhu. A shafe lambatu da ramuka da siminti. A daina zubar da tarkace a fili. Doka ma tana nan: an kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, kuma a 2009 an fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da kamfanonin fata.

Muka rubuta takarda zuwa wani ofishi. Sun zo. Kafin su iso an share ramukan bayan kamfanin, an tayar da injin da ya shekara a mace, an raba sababbin safar hannu. Bayan sun tafi komai ya koma yadda yake. Ina saurayi, a 1988, da aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, ƙasar nan gaba ɗaya ta tashi, sai da aka kwashe su, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Waɗancan ganguna ne, ana iya ɗaukar hotonsu. Namu a ƙarƙashin ɗakin kwana yake, ba mai hotonsa.

Daga baya kamfanin ya rufe, ba don mu ba, don rashin wuta da tsadar man janareta, kamar yadda masana'antun Kano da yawa suka durƙushe. Aka sallame mu. Lambatu ya bushe, warin ya ragu, mutane suka ce to alhamdu lillahi, rijiyoyi za su warke. Bayan shekaru Mamana ta zo ganin gida daga ɗakin mijinta, ta sake ɗiba. Gishirin ya ɗan sauka, kurom yana nan. Ta ce ƙasar ta riga ta sha ta ƙoshi, kowace damina tana sako kaɗan-kaɗan, kuma ruwan ƙasa ba kogi ba ne da ambaliya ɗaya za ta wanke shi. Mai kamfanin ya kwashe injinansa ya sayar da filin. Ni na sa aka rufe bakin rijiyata da siminti, kuma tun daga lokacin ruwan sha da na girki saye muke, daga ɗan abin da nake samu a sayar da takalma.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne filin da ake zubar da tarkacen nan an yanka shi fuloti-fuloti. Ma'aurata sababbi suna saye, kuma abu na farko da kowa ke yi shi ne ya kira masu haƙa. In suka sara ƙasa kana ganin shuɗin yankan fata a jikin ramin. Ina zuwa in yi sallama in faɗa musu abin da na sani. Wani ya saurara, wani ya ce ruwansa garau yake, Baba. Binciken Mamana da na ɗalibai irinta yana can a ɗakin karatu na jami'a cikin Turanci, masu shan ruwan ba wanda ya karanta musu.

Yanzu mun kafa ɗan kwamiti a masallacinmu. Mun yi karo-karo mun haƙa burtsatse ta ɓangaren tudu, nesa da tsohon lambatu, kuma na tsaya a kan masu aikin sai da suka zuba simintin toshiya a gabana. Mun yi yarjejeniya za a riƙa kai ruwansa gwaji sau biyu a shekara, da rani da ƙarshen damina, a karanta sakamakon da Hausa bayan sallar Juma'a, mata kuma a kai musu islamiyya. Na farko ya fito lafiya. Gidaje da yawa a gangare har yanzu suna wanka da wanki da tsofaffin rijiyoyinsu, don burtsatse ɗaya ba ya isar unguwa, kuma kuɗin na biyu muke tarawa.